Ɗan kyanwana ya ƙi tsotso, madara har ta hanci take fito masa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Kyanwata ta haihu yau kwana uku, 'ya'ya huɗu. Ukun suna nan ɓul-ɓul, amma na huɗun ɗan mitsitsi ne. 'Yan'uwan suna ture shi daga nono, ita ma uwar kamar ba ta damu da shi ba. Sau da yawa nakan tarar da shi can gefen kwali shi kaɗai, jikinsa da sanyi. Na ɗora shi a sikelin kicin, giram 74 na gani. Na fara ɗura masa madarar shanu da sirinji, ina kwantar da shi rigingine a tafin hannuna, amma ba ya haɗiya sosai, jiya ma har madarar ta fito masa ta hanci. Don Allah yaya zan yi ya riƙa sha da yawa? Ko in raba shi da uwar gaba ɗaya in ci gaba da renonsa da kaina?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye sirinjin nan tukuna, ki ɗauko shi ki sa ɗan yatsanki cikin bakinsa. In kin ji bakin da sanyi, ko tafin ƙafarsa da kunnuwansa sun yi sanyi, to ko ɗigon madara kada ya shiga cikinsa sai ya ɗumama. Kin tambayi yadda za ki sa ya sha da yawa, amma ni abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne sanyin jikin nan da kika ambata a taƙaice. Shi ke hana shi tsotso, kuma zai iya kashe shi tun yunwa ba ta kai ga haka ba.

Ɗan kyanwa sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa. A kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi, ga shi babu kitsen kirki a ƙarƙashin fata, sai ya kai wajen mako uku zuwa huɗu kafin jikin ya fara wannan aiki da kansa. Zafin jikinsa na lafiya a makon farko digiri 35 zuwa 37 ne a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da na babbar kyanwa da ke tsakanin 38 da 39, saboda haka ba shi da rarar da zai yi asara. Ɗumin uwa da na 'yan'uwa yake aro. Da zarar an ture shi gefe sai zafin ya soma sauka, in kuwa ya faɗi zuwa 34 ko ƙasa da haka, hanjinsa sai ya tsaya cik. Madarar da aka ɗura a wannan hali ba ta narkewa. Zama take yi a ciki ta kumbura shi, ko ta dawo sama ta bi hanyar numfashi. Sanyin ya hana shi tsotso, rashin tsotson ya sa sukarin jininsa ya faɗi, faɗuwar sukarin kuma ta ƙara masa kasala da sanyi, haka abin ke ta juyawa har ya langaɓe. Uwar da kike ganin ba ta damu da shi ba, hakan kyanwa kan yi da ɗan da ya yi sanyi ya daina motsi. Sau da dama in aka ɗumama shi aka mayar mata yana mutsu-mutsu yana kuka, sai ki ga ta jawo shi ta hau lasa.

Ɗumamawar a hankali ake yin ta, kuma jikinki ya fi kowace na'ura aminci. Ki naɗe shi da tsumma mai laushi, ki bar hancinsa a waje, ki sa shi cikin rigarki a kan fatarki, kina shafa shi kina juya shi lokaci-lokaci. Zai iya ɗaukar awa ɗaya, wani lokaci biyu. Kada ki tsoma shi a ruwan zafi, kada ki kanga shi kusa da wuta ko ki hura masa na'urar busar da gashi, domin zafin da ya zo masa a lokaci guda zai jefa shi cikin halin da ya fi na farko muni. Yana cikin ɗumama ki narkar da ɗan sukari ko garin gulukos a ruwan da aka tafasa ya huce, ki dangwala da yatsa ki shafa masa a dasashi duk bayan 'yan mintoci. Shafawa na ce, ba ɗurawa ba. In ya fara motsa ƙafafu, bakinsa ya yi ɗumi, kika sa yatsa ya kama yana ja, to lokacin abinci ya yi.

Kwalin ma ki gyara shi. Wurin kwanciyarsu a makon farko yana son zafin digiri 29 zuwa 32, daga nan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ki sa gorar ruwan zafi da aka naɗe da tawul a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen ki bar shi haka don wanda zafi ya dama ya matsa. Naki bai da ƙarfin matsawa, don haka ki ɗora gorar a cikin hannunki na ɗan lokaci ki tabbatar ba za ta ƙona shi ba. Kuma ki riƙa canza ruwan cikin dare, gorar da ta huce janye masa zafi take yi.

Madarar da ta fito ta hanci kuwa, ita ce dalilin da ya sa nake son likitan dabbobi ya gan shi yau, ba gobe ba. Riƙon rigingine ne ya jawo ta. Ki dubi yadda 'yan'uwansa ke sha a jikin uwar: ruf da ciki, kai a ɗan ɗage, ƙafafun gaba suna tausa nonon. Haka aka halicci maƙoshinsu ya haɗiya. In aka kwantar da shi a bayansa aka matsa sirinji, madarar tana gangarawa ne ko ya shirya ko bai shirya ba, shi kuma a wannan shekarun bai da ƙarfin kakari ko tarin da zai dawo da abin da ya bi hanyar iska. Madarar da ta shiga huhu tana iya zama ciwon huhu cikin ɗan lokaci. Ki kara shi a kunnenki ki saurara. In kin ji ƙara a numfashinsa, ko yana buɗe baki yana neman iska, ko kumfa na fitowa ta hanci, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi-shuɗi maimakon ja-ja, ki bar karatun nan ki kama hanya. Ki kuma haska tocila cikin bakinsa ki duba ganɗarsa. Akwai waɗanda ake haifa da tsagaggiyar ganɗa, su ko an riƙe su daidai madara sai ta fito ta hanci, kuma irin su ba sa iya tsotso tun ranar farko.

Madarar shanu ki daina ba shi daga yau. Nonon kyanwa ya fi ta sinadarin gina jiki da kitse nesa ba kusa ba, ita kuma tana da yawan sukarin madara, wanda kan sa su zawo. Ɗan giram 74 kuwa zawon yini ɗaya ya ishe shi. Madarar jariran mutane ma ba ta dace da shi ba, haka ta akuya. Abin da za ki nema shi ne madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, irin su KMR ko Royal Canin Babycat Milk, ki dama ta daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Na san zuciyarki za ta ce ki ƙara gari don ta yi kauri ya yi saurin ƙiba. Kada ki yi. Mai kauri tana ɗaure masa ciki ta busar da shi. In ba ki same ta nan take ba, ki tambayi likitan haɗin wucin gadi na kwana ɗaya ko biyu.

Amma ko wannan madarar ba ta kai nonon uwarsa ba, shi ya sa amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kada ki raba su. Dakashin da ke ɗauke da garkuwar jiki a cikin yinin farko kawai hanjinsa ke iya tsotse amfaninsa, wannan ya wuce, ko ya samu ko bai samu ba. Duk da haka nononta shi ne abincinsa na ainihi, jikinta shi ne ɗuminsa, harshenta kuma shi ke wanke shi ya sa shi fitsari da kashi. Naki taimako ne kawai. Duk bayan awa biyu ko uku ki kwashe ukun nan masu ƙarfi ki sa su a wani kwali mai ɗumi na minti goma zuwa sha biyar, ki ɗora shi a nonuwan da ke can baya kusa da cinyoyinta, su suka fi ruwa. Ki ɗan tatso ɗigo ɗaya a kan nonon ki goga masa a baki. In ya kama, ki sa yatsa ki tallafe bayan kansa don kada ya suɓuce. Bayan ya gaji sai ki cika masa da sirinji. Maganar da ake yi cewa in mutum ya taɓa ɗan kyanwa uwar za ta ƙi shi, ba abin da za ki damu da shi ba ne ga kyanwar da ta saba da ke. Ki dai wanke hannu kafin ki taɓa su.

Ki duba uwar ita ma. Nono mai tauri da zafi, ko ruwa mai wari daga gabanta, ko ƙin cin abinci, duk suna buƙatar likita. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba, don haka kada kwanonta na abinci da na ruwa su zauna fayau.

Yanzu ga lissafin da zai rage miki zumuɗin "sha da yawa". Cikin ɗan kyanwa yana ɗaukar kimanin mililita 4 ne ga kowane giram 100 na nauyinsa. Naki ke nan bai kai mililita 3 ba, alhali ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne. Abin da yake buƙata a yini guda, in da madarar gwangwani kaɗai yake sha, ya kama tsakanin mililita 15 zuwa 18, a raba shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Ya zama kusan mililita ɗaya da rabi a kowane zama. Tunda cikinsa bai saba ba, ki fara da rabin hakan a yinin farko, ki riƙa ƙarawa yadda yake karɓa, kuma in ya samu na uwar sosai sai ki rage naki. Cika masa ciki fiye da kima yana kawo kumburi da zawo da amai, aman kuma huhu yake tafiya. Barcin dare dai ki haƙura da shi na mako biyu, in akwai wanda zai karɓe ki ku yi karɓa-karɓa. Shi da ya rame haka ba a jiran ya yi kuka, agogo za ki saita ki tashe shi, domin wanda ya fi galabaita shi ya fi yin shiru.

Ki sami sirinji mai mililita 1, ba tare da allura ba, irin wanda ke tafiya sumul ba ya maƙalewa ya zo ya fesa gaba ɗaya. Ki ɗumama madarar ta hanyar tsayar da ƙoƙonta a ruwan zafi, ki ɗiga a cikin hannunki, in ba ki ji zafi ko sanyi ba ta yi. Ki shimfiɗa tawul a cinyarki ki ɗora shi ruf da ciki. Babban yatsa da manuni su riƙe kansa ta gefe biyu, a ɗan ɗage kaɗan, ba a tanƙware baya ba, yatsan tsakiya kuma ya kwanta a maƙogwaronsa. Ki zura bakin sirinjin ta gefen baki ya hau kan harshe, ki saki ɗigo ɗaya, ki tsaya. Za ki ji haɗiyar a ƙarƙashin yatsanki, 'yar motsi ce ƙarama. Sai kin ji ta za ki saki na biyu. Mililita ɗaya kan ci minti biyar ko fiye, kada ki ƙosa. Ranar da ya sami ƙarfi za ki gane: harshen zai naɗe bakin sirinjin, ƙafafun gaba su fara tausa tawul, kunnuwan su riƙa ɗan motsi tare da kowace haɗiya. A nan ne za ki iya komawa ƙaramin bulumboti na 'ya'yan kyanwa. Hujin kan robar ya zama in kin kifa kwalbar madara na ɗiga a hankali. In tana zuba hujin ya yi girma, in sai an matsa take fita ya yi ƙanƙanta. Kwalbar kuma ba a matsa ta a bakinsa ko kaɗan.

Idan ya ɗumama sarai amma ɗigon na zama a bakinsa ba ya haɗiyewa, ki daina. Wannan ya wuce aikin sirinji. Likita zai zura masa siririyar roba ta baki har ciki, kuma zai iya koya miki yadda ake yi. Ba abin da ake koya daga hoton bidiyo ba ne, robar ta kuskure hanya sau ɗaya kawai ya isa ya halaka shi.

Madarar da kika dama kada ta wuce awa 24 a firji, wadda kika ɗumama ta rage kuma ki zubar. Sirinji da kwalba a wanke a ɗauraye da tafasasshen ruwa bayan kowane zama.

Har ya kai wajen mako uku ba zai iya fitsari ko kashi da kansa ba sai an taɓa shi. In uwar na lasar sa, ta ɗauke miki. In ba ta yi, ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa ƙasan cikinsa da ƙarƙashin wutsiya a hankali a kowane zaman abinci, sannan ki tsane shi sosai don kada jiƙar ta dawo da sanyin. Ki yi amfani da farar auduga don ki ga launi. Fitsarin lafiya kusan ba shi da launi, in ya yi rawaya sosai ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Jan fatar wuya da ake yi wa manya don gane bushewar jiki ba ya nuna gaskiya ga jarirai, launin fitsari da danshin dasashi sun fi. In kuwa fitsarin ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, ko dasashin ya yi rawaya, ki gaya wa likita da kin shiga. Akwai matsalar da kan faru in uwa mai rukunin jini B ta haifi ɗa mai rukunin A, sai garkuwar da ke cikin dakashinta ta riƙa fasa masa ƙwayoyin jini, kuma a kwanakin nan na farko take bayyana. Kashi kuma rawaya ne mai kaurin man goge baki, kusan sau ɗaya a yini. In ya kwana biyu bai yi ba, ko ya koma ruwa, ko kore, ko fari, a duba shi.

Abin da kika yi daidai tun farko shi ne ɗora shi a sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan ido ba ya ganin giram biyar, kuma giram biyar ɗin ne ke gaya miki ko aikinki na ci. Ki auna shi safe da yamma, lokaci ɗaya kullum, kafin ya sha, ki rubuta a takarda tare da yawan abin da ya sha. Lafiyayyen ɗan kyanwa ana haifar sa da giram 85 zuwa 115, yana ƙara 10 zuwa 15 a yini, ya ninka nauyin haihuwarsa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Naki in yana ƙara 7 ma abin godiya ne, muddin kullum gaba yake yi. Yini guda cur babu ƙari, ki ƙara masa zama ɗaya ko biyu ki sa ido. In ya ragu, likita. 'Yan'uwan ma ki riƙa auna su, wani lokaci su ne ke fara nuna cewa nonon uwar ya ja baya.

Ki buɗe gashin cikinsa da na wuyansa ki nemi ƙuma. Ɗan jinin da ke jikinsa bai da yawa, ƙuma kaɗan sun isa su shanye shi. Ki cire su da mataji mai ƙananan haƙora ko da yatsu, ki canza shimfiɗa. Maganin ƙumar karnuka, musamman mai sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa ko babba ce, haka ma farasitamol. Kada ki ba shi kowane magani daga kabad ɗinki. Cibiyarsa za ta bushe ta faɗi da kanta cikin kwanakin nan, kada ki ja ta, amma in gindinta ya yi ja ko ya kumbura ko yana ruwa, hanyar shigar ƙwayar cuta ce cikin jini. Idanu kan buɗe tsakanin kwana 7 da 14, ba a ɓare su da hannu. In fatar idon ta kumbura tun bai buɗe ba, mugunya ce ta taru a ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙanwata, wanda nauyinsa ke ƙasa da giram 75 yana cikin waɗanda aka fi rasawa, ko da a hannun ƙwararru. Wasu ana haifar su da naƙasa a zuciya ko hanji wadda ba a gani daga waje, kuma babu ɗumi ko madarar da za ta gyara ta. Amma abubuwa ukun da suka bayyana a wasiƙarki, sanyi da madarar da ba ta dace ba da riƙon rigingine, duk a hannunki gyaransu yake, kuma yau za ki iya gyara su. In ya tsallake mako biyun farko yana ƙara nauyi, za ki iya tsawaita tazarar zuwa awa uku, daga mako huɗu kuma ya fara lasar abinci mai ruwa-ruwa a faranti.

In za ki tafi asibitin, ki ɗauki uwar da 'ya'yan duka a kwali ɗaya, da gorar ruwan ɗumi a naɗe, ki rufe saman da tawul don iskar hanya. Ki riƙe takardar awon da gwangwanin madarar in kin samu. Ki gaya wa likita ranar da madara ta fito ta hanci da irin madarar da ya sha, ki roƙe shi ya saurari huhunsa, ya duba ganɗa da cibiya, ya auna zafin jikinsa, sannan ya tsaya ki ba shi madara a gabansa ko sau ɗaya ne, ya ga riƙonki ya gyara miki.